Ruwan Zafi a Gindin Rumbu

Rana ta kusa faɗuwa Sabuwa ta dawo daga gona ba a ɗora komai ba. Bazawara ce, tana riƙe da gidan marigayi mijinta a Dayi, ita da 'yarta Raudatu. Duk garin an san ta da abu biyu: ba a cin ta a ciniki, kuma ba a taɓa jin "yi haƙuri" ta fito daga bakinta ba.

Ta ce dafa-duka za a yi, abin da aka samu shi ake zubawa. Ta auno shinkafa gwangwani uku, da ragowar wake, da daddawa, da manja. Ta buɗe firizar da take sayar da ƙanƙara, ta ɗauko kifi da niƙaƙƙen tumatir, sun daskare kamar dutse. Ta tsoma su a ruwan zafi don su saki. Ladan na kiran magariba ta ɗauki ruwan yana tururi, ta sheƙa a gindin tsohon rumbu.

"Inna, ba ki yi bismillah ba," in ji Raudatu.

"A gidana sai na nemi izini? Miƙo mini ludayi."

Kajin da ke shirin kwanciya suka yi tsit.

Abinci ya nuna, ƙamshi har zaure. Amma lomar farko sai tsakuwa, ta biyu ma haka, alhali da hannunta ta tsince shinkafar. Washegari da magariba duwatsu suka fara sauka kan kwanon ɗaki, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Ta sake tukunya, ta sa tsakin masara maimakon shinkafa, ta sa nama maimakon kifi. Tsakuwa dai. Daga bayan rumbu kuma ana jin kukan yaro, siriri, ba ya yankewa.

Rana ta uku aka sami Raudatu zaune a gindin rumbun, hannunta na juya tukunyar da babu ita. Ba ta magana, ba ta ci, ba ta san uwarta ba.

Bayan la'asar aka ɗauko Malam Awaisu, mai ruƙiyya, daga Malumfashi a kan babur. Ya zauna ya yi ta karatu, har inuwar rumbu ta kai bakin ƙofa. Sai bakin yarinyar ya buɗe da muryar tsohuwa.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Maƙwabciya. Na riga kakan mijin matar gidan nan zama a nan. Tukunyata na kan wuta, 'ya'yana uku na jira, ta sheƙa mana ruwan zafi. Da ta ambaci Allah da mun kauce. Ƙaramin har yau ba ya taka ƙafa."

"Me kike so ki fita?"

"Baƙin bunsuru."

"Ba a yanka don kowa sai Allah," in ji Malam.

Sabuwa ta kasa haɗiyewa. "Bunsuru? A kan ruwan kifi? Ko zakara ba ki samu!"

Wuyan Raudatu ya sandare, idanunta suka kafe.

"Hajiya, nan ba kasuwar Funtua ba ce," Malam ya faɗa a hankali.

Muryar ta yi dariya. "Bar ta, na yi mata ragi. Ban son dabba. Sai dai ta ba ni haƙuri, da bakinta. In aka kira magariba ba ta faɗa ba, ni da yarinyar nan mun zauna ke nan."

"In dafa tukunya guda in yi sadaka fa?" in ji Sabuwa.

"Ladanki ne. Ba shi na tambaya ba."

Malam ya ce, "Wannan ba shirka ba ce, Hajiya. Haƙƙin maƙwabci ne."

Sabuwa ta dubi leɓen 'yarta da ya bushe, da hannun da bai daina juyawa ba. Can masallaci aka ji ladan na gyara lasifika.

"Uban yaran naki fa?" ta tambayi muryar.

"Ya rasu."

Sabuwa ta san yadda yara ke kallon tukunya idan uwa ce kaɗai a kanta.

"Baiwar Allah, ban gan ku ba. Na ƙona miki ɗa. Ki yi haƙuri."

Hannun ya tsaya. Raudatu ta yi atishawa sau uku, ta sulale jikin uwarta.

"Inna, yunwa nake ji."

Shinkafa ta ƙare, sai tsaki da ɗan wake da sauran kifi. Sabuwa ta haɗa su tukunya ɗaya. Ruwan kifin kuwa ta bar shi ya huce, ta kai shi bakin rariya, ta yi bismillah da ƙarfi har maƙwabta suka ji. Ta ɗan jira tukuna, sannan ta zubar.

Raudatu ta cinye kwano guda, ba ta tauna tsakuwa ko ɗaya ba.