Maƙwabcina Alton

"Renita, ki fito da hannun nan ki ba ni yatsa!"

"Ba zan bayar ba."

"Gwiwata fa ta fara ciwo..."

Alton ne durƙushe a barandar Mama, ko kayan aikin waldarsa bai cire ba, ga zobe a tafin hannunsa. Ni kuwa ina kan kekena na guragu, na cusa hannuwana a hammata kamar yarinyar da za a yi wa allura. Ina son mutumin nan har cikin ɓargona, amma na kafe.

"Tashi don Allah, mutane na kallo."

"Su kalla! Duk garin Mobile ya zo ya kalla. Me na yi miki, abar ƙaunata?"

Bai yi min komai ba. Tun da aka haife ni ƙafafuna ba su taɓa ɗaukata ba. Babana ya ƙarar da ƙarfinsa a wajen ƙera jiragen ruwa, duk wata ana yankar masa kuɗin inshorar ma'aikata. Da ya rasu sai aka ci gaba da biyana daga guminsa, a matsayin 'yarsa mai naƙasa da ba ta yi aure ba. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, sai tallafin masu ƙaramin ƙarfi ya cike sauran. Shi ke sayen magani, shi ke biyan Anti Odessa, matar da ke zuwa kowace safiya ta ɗaga ni, ta yi min wanka, ta zaunar da ni a keke. Abubuwan nan biyu su ne ƙafafuna.

Na ce, "Ranar da aka ɗaura mana aure, kuɗin Baba sun tsaya. Albashinka kuma ya zama nawa a wurin ofishin tallafi. Ya yi yawa a ba ni tallafi, ya yi kaɗan ya biya Anti Odessa."

"Ni zan riƙa ɗaga ki!"

"Yaushe kake fita aiki?"

Tun kafin gari ya waye yake fita, mu duka mun sani.

Sai ga Mama daga kicin, da ludayi a hannu. Ashe tana laɓe.

"Ni zan ɗaga ta! Kafin a san wata Odessa wa ke yi? Karɓi zobenki, 'yar nan, kar ki mayar min da yaron kirki sakarai."

"Mama, da wane bayan? Wanda likita ya ɗaure da ƙarfe?"

"To Fasto ya sa muku albarka kawai, ba sai an yi takarda ba."

"Ko ba takarda, Mama. In muka zauna gida ɗaya yana kirana matarsa, ofis ya ɗauke mu ma'aurata."

Alton ya miƙe a hankali, idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Wato ko a baki ba zan kira ki matata ba?"

"Ko a baki..."

Ya ajiye zoben a cinyata, ya shiga motarsa ya tafi.

Daga ranar na koma abin tausayi. Ran Litinin Mama ta dafa wake da shinkafa kamar kullum, ta manta ta jera faranti uku, ta dawo ta ɗauke ɗaya tana gunaguni. Duk motar da ta shigo layinmu sai na leƙa. Wayata kuwa na dube ta har ta gaji da ni. Na yi kewar dariyarsa, na yi kewar yadda yake tura kekena da gudu a bakin teku ina ihu yana cewa ba shi da birki.

Wata safiya Anti Odessa tana taje min kai ta ce, "Kin rame, uwar taurin kai. Ki kira shi mana."

"In ce masa me? Ya zauna ya tsufa yana jirana?"

Na zura zoben a sarƙa na rataya a wuya, can cikin riga inda ba mai gani.

Ana nan sai aka cire allon haya na gidan da ke kallon namu. Wata Asabar mota ta tsaya da katifa ɗaure a samanta. Da na ga mai sauke katifar, sai na ƙwala masa kira.

"Alton! Me kake yi?"

Ya ɗago min hannu daga tsallaken titi. "Tarewa nake, sarauniya! Ko an hana haya ma?"

Kuka nake, dariya nake. Mama ta ce, "Mahaukata biyu sun haɗu," ta koma ta ƙara faranti.

Haka muka zauna. Ya dawo aiki ya ci abinci a gidanmu, mu yi hira a baranda, rana na faɗuwa ya sumbaci goshina ya tsallaka titi. Titin bai da wani faɗi, amma kullum sai na ji kamar wata ƙasa ya tafi.

Rannan ma'aikaciyar ofishin tallafi ta zo duba halin da nake ciki, kamar yadda sukan yi. Mace ce mai fara'a, ba ruwanta. Ta tarar da Alton yana gyara min katakon da kekena ke hawa. Ta yi murmushi.

"Wannan bawan Allah fa, wane ne shi a wurinki?"

Zoben ya yi min nauyi a ƙirji. Na san abin da ya kamata in ce, amma na rantse harshena ya ƙi. In na faɗa, da wane ido zan kalle shi?

Alton ya ajiye gudumarsa. Ya dube ni, irin kallon ranar da ya durƙusa.

"Maƙwabci ne, ranki ya daɗe," ya ce. "Ga gidana can."

Ta ce, "Kin yi dacen maƙwabci," ta shige ciki wajen Mama.

Ya sunkuya ya ci gaba da buga ƙusa, bai ƙara ɗagowa ba. Ina kallon hawayensa na ɗiga a kan katakon.