Kurɓi Ɗaya a Tsohuwar Majema

Ku matso. Sadi, kashe wayar nan. Ke kuma Jummala, in kin san cikinki ba ya jure ƙazanta, tashi tun yanzu, don ni ba zan wanke tabarma ba.

Bara ne, ƙarshen damina. Abokina Nafi'u ya zo da labarin wai matasan Tudun Bagaruwa sun ƙirƙiro gudun gari, kilomita biyar duk Asabar, kowa ya zo. Shi da abokinmu Ɗan'azumi suka sa ni gaba, ni da ko akuya ban taɓa kora da gudu ba. Muka shiga mota bayan asuba, muka isa rana ta ɗan ɗaga.

Mai shirya abin ya hau benci yana bayani. A bi zanen toka a ƙasa. Akwai kuma mai rakiya a can baya, don kada a bar kowa shi kaɗai. Aka busa usur. Abokan nan nawa ko waiwaye ba su yi ba, ƙeyarsu kawai na gani, 'yan banza.

Kafin kilomita uku maƙogwarona ya bushe ƙamas. Na iso mararraba, shanu sun tattake tokar. Na bi hagu.

Wari ne ya fara tare ni. Kun san warin ɗanyar fata da ta kwana bakwai a ruwa? To ya fi haka. Ramuka birjik, cike da baƙin ruwa mai kumfa. Tsohuwar majema ce, inda ake jeme fatu a da. Duk wannan ɗoyi, ƙuda ko ɗaya babu, amma ni sakarai ban lura ba.

Sai na ji taku a bayana. Caɓal. Caɓal.

Wani dattijo ne siriri, da salkar ruwa a kafaɗa. Na ce alhamdulillahi, ga mai rakiya.

"Sannu, Baba."

"Ƙishi," in ji shi. Muryar kamar daga cikin tulu.

"Wallahi kuwa."

"Ungo."

Salkar tana naso, ga gashi manne a bakinta. Raina bai so ba ko kaɗan. Amma dattijo ya miƙo maka abu da hannunsa, ka ce a'a? Ba haka aka rene mu ba. Na kafa kai na kurɓa, ko bismilla ban yi ba.

Wayyo Allah! Kauri kamar kunu, ga ɗumi, ga yauƙi. Wani abu yana motsi a kan harshena. Na sunkuya zan tofar, sai idona ya sauka kan ƙafafunsa.

Babu ƙashi a ciki. Fata ce zalla, jiƙaƙƙiya, a baje a ƙasa tana tsiyaya.

"Ka haɗiye, ka zama ɗan gida," ya ce. "Ka tofar a ƙasata, ka biya da ruwan jikinka."

Jummala, daina wannan yunƙurin, ba mu zo wurin ba tukuna.

Baki cike, ba halin ihu, ba halin addu'a. A zuci ma ayar neman tsari ta ɓace min. Na zuba a guje, numfashi ta hanci kawai, hancin kuma ya cika da ɗoyi. Caɓal, caɓal, a bayana. Bai yi sauri ba, bai kuma yi nisa ba. Yawu yana taruwa, maƙogwaro yana neman yin aikinsa. Abin nan mai motsi ya nufi ciki, na tare shi da haƙori. Ya fashe.

"Haɗiye mana, ɗana," in ji muryar, dab da kunnena.

Can na hango zanen toka, da wata mata tana ɗaga min hannu. Ashe ita ce mai rakiyar ta gaske, Malama Tasalla, tun ɗazu take nemana. Na tsallake tokar, na fita daga ƙasarsa, na zube, na fesar da abin da ke bakina, amai ya biyo baya. Takun ya tsaya cak. Ciyawar da abin ya zuba a kanta ta yi baƙi nan take.

Ta dube ni, ta dubi hanyar da na fito, ta toshe hanci da mayafi.

"Ka haɗiye?"

Na girgiza kai.

"Ko ɗigo?"

Na sunkuyar da kai, don na san ɗigo ɗaya ya wuce.

Su Nafi'u kuwa suna can suna ɗaukar hoto. Da suka ji warina sai dariya, wai na faɗa kwata. Har yau ban yafe musu ba.

Sadi, kunna wayar yanzu, haska nan. Ga ƙafata ta hagu. Taɓa ƙaramin yatsan. Taɓa mana, matsoraci! Ka ji? Fata ce kawai. Bara shi kaɗai ne. Yanzu taɓa na kusa da shi, ka ji yadda ya fara laushi.

In kun je gudun nan, ku manne wa jama'a. In toka ta ɓace muku, ku tsaya inda kuke har a zo, ko da ƙishi zai kashe ku.