Makon Mamaci a Ɗaki Sha Huɗu

Ranar Asabar da hantsi, Tsvetana Marinova ta buɗe ɗaki na sha huɗu da makullinta, a wani rukunin gidajen hutu da ke bakin tekun Pomorie, sai ta tarar da wani ƙato yana soya kifi a kaskonta.

Sufeton 'yan sanda Ralitsa Boncheva na hanyar zuwa wurin, shugabanta ya kira ta. "Watan Agusta ne, 'yata. Rigimar 'yan hutu ce, bar su su sasanta." Ta kashe wayar. Wannan "bar su" ita ta lalata gabar tekun nan: kowa ya gani, kowa ya kau da kai.

Ta sami tsohuwar zaune a bakin gado cikin baƙaƙen kayan makoki. Ƙaton sunansa Lyuben, direban bas daga Pleven. Matarsa Zornitsa na jikin taga ta naɗe hannu.

"Makon nan nawa ne," in ji Lyuben. "Kin san tsarin, ba ɗakin ake saya ba, mako guda ne duk shekara. A intanet na gani. Mai shi, Iliya Marinov, ya ce mu zauna mu gwada, in ya yi mana, Litinin mu cika kuɗi."

"Yaushe kuka yi magana?"

"Shekaranjiya, a waya. Ya ce yana kwance a Plovdiv."

"Yana kwance kam," in ji Tsvetana. "Tun watan Maris muka binne shi."

Zornitsa ta juyo. "Ka ji ko, sarkin dabara? Gaya mata abin da za ka sayar ranar Litinin ɗin."

Lyuben ya sunkuyar da kai. Gonar inabin mahaifinsa ce, maƙwabci na jiran kira. Kafin alƙalami kuwa, leva dubu uku a kuɗin ƙasar, ya riga ya jefa a akwatin wasiƙa mai lamba sha huɗu kamar yadda aka umarce shi. A nan ya tarar da makullin ɗakin.

Ralitsa ta duba saƙonnin wayarsa, ta cire shi daga zargi. Ta kira lambar, a kashe. Mutum uku ke iya buɗe akwatunan: manaja, dillali, da mai kula da gida.

Manajar, Veneta, ta ajiye fasfo a tebur. Wata biyu tana Jamus wajen 'yarta da ta haihu, ranar Alhamis ta dawo.

Dillalin, Kamen, ya shigo yana ƙamshin turare.

"Ka san Iliya Marinov?"

"Sosai, ranki ya daɗe. Ranar bikin waliyyin da ya ci sunansa, ashirin ga Yuli, na tura masa gaisuwa, har na ce ya ƙara mako guda da rangwame. Tsohon ko amsa bai yi ba."

"Na gani," in ji Tsvetana. "A wayarsa na karanta, ina dawowa daga kabari."

Kamen ya dubi baƙaƙen kayan, sai yanzu ya gane. Wanda ke tallata wa mamaci haja bai san ya mutu ba. Ɓarawon kuwa ya sani.

Ralitsa ta juya ga Tsvetana. "Inna, wa kika gaya wa a nan?"

"Ban gaya wa ofis ba. Takardar rasuwa kawai na aiko wa Yordan mai kula da gida, ya manna a itacen ɓaure, abokan wasan Iliya su gani. Kowa haka yake yi."

Ralitsa ta fita tsakar gida. A garin nan babu ƙofa ko falwaya da ba ta ɗauke da hoton mamaci, na kwana arba'in, na wata shida, na shekara. Jikin ɓauren ma cike yake, amma duk sun koɗe. Mafi sabunta shekararta biyu. Gida cike da tsofaffi, a ce shekara biyu ba wanda ya mutu?

Ta karɓi sunayen masu mako da ba su zo ba bana da bara, ta gwada da littafin masu wanki. Ɗakuna huɗu aka canza wa zanen gado alhali masu su ba su zo ba. Ta kira gidajen. Duka huɗun an yi rasuwa, har da gidan wani Gergov. Duka huɗun sun aika wa Yordan takarda.

Yordan na ban ruwan furanni a bayan ɗakinsa. Shekara ashirin yana riƙe da makullan gidan.

"Kawu Yordan, ina takardar Iliya?"

"Gidan wayarmu, 'yata, kin san halinsu. Ba ta iso ba."

"Ta Gergov ma ba ta iso ba? Da sauran ukun? Buɗe aljihun teburinka."

Takardun biyar na ciki, ko ninkinsu ba a warware ba. A ƙarƙashinsu ga ƙaramar waya da ambulan ɗin Lyuben.

"Kai kaɗai ke fara jin mutuwa," in ji Ralitsa. "In ka manna, ofis zai sani, maƙwabta su tambayi wa ke ɗakin marigayi. Sai ka ɓoye. Ka kuma san matar da ke makoki ba ta zuwa teku sai ta cika shekara. Mako babu kowa, makulli a hannunka. Baƙo ya gwada, ya biya, ya tafi, ba zai gane ba sai baɗi."

Yordan ya ajiye butar. Bai dubi Ralitsa ba, Tsvetana ya duba, da fushi.

"Wata biyar kacal! Me ya kawo ki teku? Ba kya jin kunyar Iliya?"

"Ba wanka na zo ba. Na zo roƙon ofis su karɓi makon. Kuɗin kula da gida na kowace shekara ya fi fanshona na wata biyu. Bana sun sake ƙarawa."

Bayan an tafi da Yordan, Kamen ya matso kusa da Lyuben. "Yayana, Allah ya tsare ka. In ta hanyar doka kake so, ina da mako mai kyau..."

Ralitsa ta tare shi. "Za ku karɓi na Inna?"

"Yarjejeniya ba ta ba da dama ba. Sai dai ta nemo wanda zai saya."

"In ta mutu fa?"

"Nauyin ya koma kan ɗanta."

Ralitsa ta dubi Kamen. Wannan babu ankwa da za ta shiga hannunsa, komai nasa da hatimi.

Tsvetana ta miƙa wa Lyuben makullin. "Ɗana, kana son makon nan har za ka sayar da gona. Karɓi. Ko sisi ba na so, hannu kawai za ka sa."

Lyuben ya dubi makullin, ya dubi 'ya'yansa biyu da ke tsalle a ruwa. Shekara goma yana yi musu alkawarin teku.

"Ki yafe ni, Inna," ya ce, ya mayar da hannunsa aljihu.

Ya ciro waya ya shaida wa maƙwabci gona ba ta sayarwa ba ce. Hannun Tsvetana ya daɗe a miƙe, ba wanda ya karɓa.