Ku-dube-ni da Turmin Gero

A wani gari, tun ba a san injin niƙa ba, an yi wata yarinya mai son a kalle ta. Komai za ta yi sai ta ce, "Ku dube ni!" Har sunan ya bi ta.

Ran nan ana suna a gidansu, kakarta ta ba ta gero ta daka na furar baƙi. Ku-dube-ni ta ga tsakar gida ba 'yan kallo, sai ta mirgina turmi ƙofar gida.

Ta wurga taɓarya sama, ta yi tafi ɗaya, ta cafe. "Ku dube ni!" Mutane suka taru. Ta sake wurgawa, ta yi tafi biyu. "Ku dube ni!" Daɗi ya kwashe ta, ta bar turmi, ta shiga tsakiyar taro tana juyi.

Can kaka ta fito da ƙwarya, ta tarar da akuya tana lashe turmi, ko ƙwaya babu.

"Iya, kowa ya dube ni!" in ji yarinyar.

Kaka ta ce, "Ban da akuya, 'yar nan. Ita turmi ta duba. To, ga ƙwarya, je ki gaya wa baƙi abin da za su sha."