Zoben Hannun Hagu

"Mama, ke da Baba kun yi faɗa ne ranar aurenku?"

Ina cikin wanke mata kai Roosje ta jefo min tambayar.

"Wa ya gaya miki haka?"

"To ai zobenki yana hannun dama, nasa yana hagu..."

Na ce ta rufe ido kada sabulu ya shiga. Shekararta huɗu, ba yanzu zan ba ta labarin yaƙi ba. Amma ku zan gaya muku.

Sunana Aleid, a Oosterbeek aka haife ni. Tinus kuwa ɗan masu gonar tuffa ne a tsallaken kogi, shi ke kawo mana kaya a jirgin fito. Shi Katolika, mu Furotesta. Ranar da Babana ya gane muna son juna, cokalinsa ya ajiye a hankali.

"Muddin ina numfashi ba za ki durƙusa a cocinsu ba. Ga Evert nan ɗan dattijon cocinmu, me ya rasa?"

Bai rasa komai ba. Ba Tinus ba ne kawai.

Zoben da Tinus ya ba ni, zare na sa masa, na rataya a wuya a cikin riga.

Wata Lahadi a watan Satumba muna cin abincin rana sama ta cika da laimomin dira daga jirgin sama. Sojojin Ingila ne ke sauka don su ƙwace gadar Arnhem daga hannun Jamusawa. Muka fito muna miƙa musu madara da tuffa, mun ɗauka yaƙi ya ƙare.

Kwana tara muka yi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, muna yaga zannuwan gado muna ɗaure musu rauni. Gada ba ta samu ba. Waɗanda suka rage da rai suka tsallake kogi, Jamusawa kuma suka kori kowa daga garin.

Kogin ya zama iyakar yaƙi. Tinus a kudu, mu a kan hanyar arewa da amalanke.

A hanyar nan na tsinke zaren, na zura zoben a hannun hagu a gaban Babana, kamar yadda duk 'yar cocinmu da aka yi wa baiko take yi kafin aure ya mayar da shi dama. In mutuwa ce, ta same ni da shi.

Baba ya kalla, ya ci gaba da tura amalanke.

Wata takwas ba wasiƙa. Wata tsohuwa 'yar Katolika ce ta ba mu wuri a rumbunta, tana raba dankalinta da mu duk tsawon sanyin nan. Evert yana biye da mu, sau biyu yana cewa, "Aleid, an yi ruwan wuta a ƙauyensu. Gawa kike jira?"

Bayan yaƙi muka dawo muka tarar da gida ba rufi. Ina kwashe ɓaraguzai da shebur, Evert yana can bakin titi yana magana da wani ramammen mutum. Ban ma ɗaga kai sosai ba.

Baba ne ya dafa kafaɗata.

"Wancan da ya juya, ba mai tuffar nan ba ne?"

Shebur ya suɓuce min.

"Evert, me ka ce masa?"

"Ni? Hannunki kawai na nuna masa."

"Jeki," in ji Baba. "Ki bi tsakanin fararen igiyoyin nan, ba a gama tone nakiya ba. Kai kuma Evert, ɗauki shebur ɗin tunda ba ka da aiki."

A bakin kogi na cim masa, yana jiran kwale-kwale.

"Tinus!"

Ya cire hula kamar ya ga baƙuwa.

"Allah ya sanya alheri, matar Evert."

"Matar wa?"

"Ba sai kin wahalar da kanki ba. Wata takwas da yawa ne, ban ga laifinki ba..." Idonsa yana kan hannuna. "Na ga zoben aure."

Sai a lokacin abin ya faɗo min. A wajen Katolika na baiko ne a dama, na aure a hagu. Evert ya sani sarai.

Na tura masa hannun har gaban hancinsa.

"Duba da kyau, sarkin hankali. Wa ya sayi wannan?"

Ya duba. Ya ƙara dubawa.

"Ai... nawa ne."

"Naka ne mana! Wata takwas ina cin dankali da ɓawonsa ina jiranka, sai ka zo ka yi min Allah ya sanya alheri daga nesa?"

Ya zauna daɓas a kan yashi, yana dariya hawaye na zuba.

"Aleid tawa... na ɗauka na tsira da rai ne a banza."

Ni ma na matso. Na zauna kusa da shi, na ji numfashin da na riƙe tun Satumba ya fita.

Da muka koma, Baba ya daɗe yana kallonsa.

"Kun iya rufin gida a cocinku?"

"Mun iya, Baba."

"To hau."

A lokacin kaka aka ɗaura mana aure a ofishin magajin gari. Na mayar da nawa dama, shi ya sa nasa a hagu, kuma har yau ba wanda ya ce wa ɗan'uwansa ya canja.

Roosje ta buɗe ido ta ce, "To kun yi faɗan ko ba ku yi ba?"

"Kaɗan," na ce, na naɗe ta a tawul.

Ke da kike karantawa, ki ji ni da kyau. Da mai kwale-kwalen nan ya iso da wuri, da babu yarinyar nan a hannuna. Kada ki yarda wani ya tsaya a bakin titi yana yi wa masoyinki bayaninki. In kin ga ya juya baya, ki ajiye abin da ke hannunki, ki bi shi, ki tambaya da bakinki.