Ruwan Alhamis

Ranar Alhamis dab da magariba na tsaya a ofishin ƙungiyarmu ta manoman rani, bakin kanal tsakanin Kura da Bunkure, don aikin minti biyar. Babbar kwamfuta ɗaya gare mu, wadda ake kira saba, an yanka ƙananan sabobi a cikinta kamar ɗakunan haya. Tsohuwar ƙaramar sabar da ke tura wa masu buɗe ruwa saƙon rabo zan goge, tunda mun koma sabuwa.

Marigayi Malam Sammani ne ya tsara jadawalin rabon ruwan. Ya sha ja mini kunne kan layin ƙarshe: ruwan Alhamis da magariba, na wata gona da ba ta da sunan kowa. Ya ce masu ita ba sa zuwa taro. Ni kuwa sarkin boko, da na kwashe sunaye zuwa sabuwar saba, sai na tsallake layin. Camfi ne, in ji ni.

Na buɗe baƙin allon umarni. Na tsayar da tsohuwar, na raba ta da hanyar da saƙo ke bi, na rubuta umarnin gogewa. Ko kwafi ban ajiye ba. Na danna.

Ta tafi.

Kwaɗin kanal suka yi tsit gaba ɗaya.

Warin ɗanyen taɓo ya cika ɗakin. Na ji sanyi a yatsun ƙafata. Ruwa ne ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, ga kanal can ƙasa da mu.

Na nemi jerin sabobi don in maido da ita. Babu sunanta.

Kujerar Malam Sammani ta yi ƙara a bayana.

"Yau ranarmu ce," aka raɗa mini a kunne. "Wa ya cire mu?"

Bakina ya kasa haɗa addu'a.

Tafin hannu jiƙaƙƙe ya fito a jikin allon. Babu mai hannun.

Ban san yadda na kai bakin titi ba, ba takalmi, ba babur.

Kunya ta hana ni gaya wa kowa. Bayan mako uku Iya Asta, wata dattijuwa da ke riƙe da jikoki marayu, ta zo ofis da busasshen reshen tumatir. Ashe fegin gonarta na bayan waccan gonar, kuma rarar ruwan Alhamis kaɗai ke isa gare ta.

"Ɗan nan, laifin me na yi aka ɗauke mini ruwa?"

Na ce mata na'ura ce ta samu matsala. Har yau ƙaryar nan na cin raina.

Na sa layin a sabuwar saba sau bakwai, kullum gari na wayewa ya ɓace. Yanzu duk Alhamis da magariba ni ke zuwa in murɗa ƙofar ruwan da hannuna. Ƙarfen ya fi ƙarfin mutum ɗaya, amma yana juyawa, kuma ba na waiwayawa.

Wannan bai kai godiyar Iya Asta nauyi ba. Duk inda ta gan ni sai ta sa mini albarka.