Amsar Don Isidro

"Gaspar, ɗaga igiyar nan!"

Fidelia ce ta faɗa, hannunta ɗaya riƙe da mahaifinta, ɗayan da ƙoƙon farin kunun masara da ta dama da zuma tun da safe.

Gaspar yana tsaye a gindin dalar dutse mai matakala cikin kayan masu gadi, usur rataye a wuya, ya kasa haɗa ido da ita.

"Ba zan iya ba, Fide... an hana hawa."

"Wa aka hana? Baƙi ko mu?"

"Kowa da kowa."

Don Isidro ya zare hannunsa daga na 'yarsa. Ɗan tsurut ne tsohon, amma taurin kansa ya ishi ƙauye guda. Tun kafin a zagaye tsohon birnin nan na ƙabilar Maya da waya, gonar ubansa ce a bayan dalar. Duk shekara kafin saukar damina sai ya hau can ƙoli ya zuba kunu, ya roƙa wa masara ruwa.

"Yaro," ya ce a hankali, "kai ne ɗan Dzul da iyayenka suka zo gidana sau biyu neman 'yata?"

"Ni ne, Baba."

"Ranar Lahadi za su dawo jin amsa?"

"Haka ne, Baba. Don Allah ka fahimce ni, matakan can sama sun saki. Da ƙafata na ji dutse yana motsi..."

"Ka ce musu su huta. Wanda ya tare ni a matakalar kakannina ba zai taka ƙofar gidana ba."

Ya karɓi ƙoƙon ya tuttular a ƙasa, a gaban takalman Gaspar, ya juya.

Baƙin da suka zo kallo sai ɗaga wayoyi suke yi, wai su a nasu tunanin wannan ma cikin abin da suka biya kuɗi su gani ne. Mai yi musu jagora, Rolando, ya tura hularsa baya yana murmushi. Shi ma ya taɓa neman Fidelia ta ƙi shi, kuma har yau abin bai bar shi ba.

Da yamma Fidelia na tafa wainar masara a bakin murhu, sai ga Rolando ya jingina keke a katanga da ledar lemo, kamar mutumin kirki.

"Sannu da hutawa, Don Isidro. Abin ɗazu bai yi mini daɗi ba. Ni da ba na son kai magana... amma ai Gaspar ne ya kai ƙarar matakan, shi ya sa aka ɗaura igiyar."

Tsohon yana kwance a ragarsa ta lilo. Ya juya fuska bango.

Wainar da ke kan kasko ta ƙone ƙurmus, Fidelia ba ta ma lura ba.

Washegari ta baje rigunanta masu aikin fure a rumfarta ta bakin ƙofar shiga. Da rana ta take, baƙi suka fake a inuwa, Gaspar ya lallaɓo.

"Rabin raina..."

"Kar ka kira ni da wannan sunan! Da gaske kai ka kai ƙara?"

"Ni ne. Wata yarinya ta kusa faɗowa a kan idona. Ya kike so in yi?"

"Ka san Baba yana hawa!"

"Shi na fi ji wa tsoro, Fide."

Ta fashe da kuka, ta cusa fuska cikin rigar da ta ɗauko za ta ninke.

"Ko abinci ya ƙi ci. Ya ce in ruwa ya ƙi zuwa bana, alhakin yana wuyanka. Ka san shi, in ya faɗi magana ba ya lashe ta. Shekara nawa muna jiran Lahadin nan, Gaspar?"

"Ki ba ni lokaci in lallashe shi."

"Babu lallashi! Ka kai shi sama kawai. Sau ɗaya tak!"

"In aka gan ni, aikina ya tafi. Ba ma aikin ba ne..."

"To ka zaɓa. In kana sona, ka kai shi."

Kai, bakin mutum! Da ana mayar da magana ciki, da wannan ce Fidelia za ta fara haɗiyewa. Amma a ranar gani take ta faɗi daidai.

Gaspar ya gyaɗa kai.

"Asabar da sassafe, kafin a buɗe ƙofa. Ki sake dama kunun."

Bai gama rufe baki ba Rolando ya ɓullo daga bayan rumfar, yana goge wuya da hankici.

"Ku yi haƙuri, kunne ba shi da murfi. Ni zan tsare muku ƙofa. Shugaban masu gadi ba ya zuwa da wuri ranar Asabar, in ma ya zo zan ɗauke masa hankali."

Fidelia har godiya ta yi masa, baiwar Allah.

Asabar ta waye da hadari a gabas, raɓa ta jiƙa ciyawa sharkaf. Don Isidro ya sha fararen kayansa, bai kalli Gaspar ba ko da ya ɗaga masa igiyar.

"Ke tsaya a nan," Gaspar ya ce wa Fidelia.

"Zan bi ku."

"Mutum ɗaya zan iya riƙewa, masoyiya. Ki bar ni da guda."

Ya ɗan matse yatsunta, ya saki.

Ta tsaya tana kallonsu suna hawa a karkace, yadda ake hawan matakan nan masu tsayi da ƙaramin wurin sa ƙafa. Tsohon a gaba da ƙoƙo, Gaspar a bayansa, tafin hannunsa a gadon bayan tsohon. Da suka wuce rabi numfashin Don Isidro ya gaza. Ta ga Gaspar ya durƙusa, ta ga mahaifinta ya yi gardama, daga baya ya hau bayansa kamar yaro.

Dariya ta kufce mata tare da hawaye.

A can ƙoli suka zama 'yan mitsi-mitsi. Tsohon ya zuba kunu gabas da yamma, kudu da arewa. Suka zauna kafaɗa da kafaɗa, mahaifinta yana nuna dajin da ya cinye gonar ubansa. Ba ta jin abin da suke faɗa, amma zuciyarta ta yi fari tas. A ranta har ta fara lissafin wanda za ta gayyata.

Suka fara saukowa. Gaspar a ƙasa yana tafiya da baya, fuskarsa na kallon tsohon, yana ɗora masa ƙafa a kan kowane mataki.

Sai ƙarar usur ta tsaga wurin.

Fidelia ta waiwaya. Shugaban masu gadi ne yake tahowa da sauri, Rolando a gefensa yana nuna sama da yatsa.

"Ga su can, ranka ya daɗe! Ba na faɗa maka ba?"

"Dzul! Sauko yanzun nan!"

Don Isidro ya ji. Ya gane aikin yaron ne zai salwanta saboda shi, sai ya hau sauri, shi da ko a ƙasa ba ya sauri.

"Baba, a hankali!" Fidelia ta ƙwala.

Ya taka gefen wani mataki, dutsen ya ɓalle. Jikinsa ya yo gaba gaba ɗaya. Gaspar ya tare shi da ƙirji, ya tura shi baya da dukan ƙarfinsa har tsohon ya zauna daɓas a kan matakala.

Shi kuwa Gaspar babu abin da zai riƙe, ya gangaro ƙasa.

Fidelia ba ta san lokacin da ta tsallake igiyar ba. Ta same shi a matakan ƙasa, kwance a karkace, jini na bin kunnensa. Ta ɗora kansa a cinyarta, farar rigarta ta rine.

"Gaspar! Gaspar, kalle ni! Ku kira mota! Wayyo Allah, ku kira mota mana!"

Shugaban ya ruga ƙofa yana laluben waya. Rolando ya tsaya sororo, hularsa a hannu, sai maimaitawa yake, "Ni korarsa kawai na so a yi... korarsa kawai..." Ko kallo bai ishe ta ba.

Gaspar ya buɗe ido da ƙyar.

"Baba...?"

"Yana nan lafiya. Ka yi shiru, rabin raina, mota na zuwa."

"Na tambaye shi... a sama."

"Me ya ce?"

Ya yi ɗan murmushi.

"Ya ce ba a ba da 'ya a waje... amsa sai a cikin gida, gaban manya. Wai in jira gobe."

Haka al'adar take, kowa ya sani. Ko uban da ya fi kowa son surukinsa ba ya furta amsa sai an zauna a ɗaki, an kunna kyandir, iyaye sun jeru.

"Fide... kina ganin zai yarda?"

Hannunsa ya fara sanyi a cikin nata. Ta ɗaga kai sama, inda mahaifinta ke maƙale a matakala, ya kasa gaba ya kasa baya.

"Baba! Ka ba shi amsa!"

Tsohon ya sunkuyar da kai.

"Baba, don girman Allah! Ba zai kai gobe ba! Ka faɗa masa yanzu!"

Don Isidro ya dafa dutse ya miƙe. Mutumin da bai taɓa ɗaga murya a ƙauye ba ya buɗe maƙogwaro, yana kuka kamar ƙaramin yaro.

"Na ba ka! Ɗan Dzul, na ba ka ita! Tun kana goye da ni na ba ka! Ɗana, ka ji ni?"

Muryar ta bugi tsofaffin gine-ginen ta dawo, tsuntsaye suka tashi daga itatuwa.

Fidelia ta sunkuya da sauri, tana dariya tana kuka.

"Ka ji? Ya yarda! Gaspar, ya yarda, ka ji ko?"

Idanunsa a buɗe suke, suna kallonta. Ta girgiza shi a hankali. Ta sake girgiza shi.

Daga can sama tsohon yana ta tambaya, muryarsa ta dishe.

"Fidelia! Ya ji? 'Yata, ki gaya mini, ya ji?"

Ta sa tafin hannu ta rufe masa ido. Ba ta sani ba, kuma ta gane ba za ta taɓa sani ba. Ta share fuskarta, ta ɗaga kai ta dubi mahaifinta.

"Ya ji, Baba," ta ce. "Zauna kar ka motsa, za a zo a sauko da kai."